Maganin Daidaita Bugun Zuciya Ba Na Kemis Ba Ne

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma wani ɗan tartsatsin lantarki ne daga cikinta yake tsara bugun. Idan tsarin ya rikice, sai ta yi gudu, ko ta yi nawa, ko ta riƙa tsallake. Mutanenmu sukan ce faɗuwar gaba ce, a bar ta haka.

Magungunan daidaita bugun ba aiki ɗaya suke yi ba. Irin su propranolol da bisoprolol rage gudu suke yi. Haka ma digoxin, tsohon magani daga ganyen wani fure wanda likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kansa tun 1785. Shi kuwa amiodarone, ƙoƙarinsa ya maido da bugun kan tsari, sai dai idan aka daɗe ana shan sa yana iya taɓa huhu da hanta da ƙululun maƙogwaro.

Ga inda gizo ke saƙar: maganin da ke gyara bugun yana iya rikita shi. A wani gwaji a Amurka an ba waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar jinin zuciya magungunan flecainide da encainide. Tsallaken ya ragu, amma a 1989 aka dakatar da ba su, domin masu sha sun fi marasa sha mutuwa.

Digoxin ya fi ba ni tsoro, don tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba tazarar kaɗan ce. Ana yawan haɗa shi da maganin fitsari ga masu kumburin ƙafa, wannan kuwa yana zubar da sinadarin fotashiyam, sai gubar ta samu ƙofa, musamman ga tsoho ko mai ciwon ƙoda. Amai, ƙin abinci, ko ganin abubuwa rawaya-rawaya, duk alamun a koma asibiti ne a ranar. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro ma yana taɓa bugun zuciya, don haka a gaya wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya.

Wani nau'in rikicewar yana sa jini ya dunƙule a zuciya, ya ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Shi ya sa ake ƙara maganin tsinka jini kamar warfarin, wanda sai da gwajin jini a kai a kai.

Kada a karɓi maganin zuciya na maƙwabci, kada a daina sha don an ji sauƙi. A je a yi gwajin zuciya na ECG tukuna.