Shirin Musamman: Faifan Garmaho da Waƙoƙin Bishara



Ƙasarmu ta Zurmi, Ƙaura Namoda, Shinkafi da kewaye ƙasar makaɗa ce. Nan aka yi Narambaɗa na Tubali, nan aka yi Kassu Zurmi mai kiɗan 'yan tauri, ga Ɗanƙwairo can Maradun. To amma kafin kaset, kafin waya, me ke ɗaukar murya ya kai ta garin da mai ita bai taɓa zuwa ba? Faifai ne.

Dattawa za su tuna garmaho. A buɗe akwati, a wana hannunsa har ya yi tauri, a ɗora allura a bakin faifai, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas kafin murya ta fito. Idan wanin ya yi sanyi, muryar ta riƙa ja tana kauri, sai yaro ya ruga ya ƙara wanawa. Tsohon faifan nan mai juyi 78 a minti bai wuce minti uku zuwa huɗu a kowane gefe, ga saurin fashewa. A 1948 kamfanin Columbia a Amurka ya fito da faifan roba mai juyi 33, wanda gefe guda ke ɗaukar kusan minti ashirin.

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika bayarwa ba a nan: 'yan uwanmu Kirista sun riƙe faifai da muhimmanci ƙwarai. A 1939 wata 'yar mishan, Joy Ridderhof, ta kafa Gospel Recordings a birnin Los Angeles, suka shiga ɗaukar wa'azi da waƙoƙi cikin harsunan duniya, har da Hausa. Da suka ga mutanen ƙauye ba su da kuɗin garmaho, sai suka ƙera na kwali. A naɗe kwalin, a maƙala allura a bakinsa, mutum ya sa tsinke ko fensir yana juya faifan da hannu. Ba batir, ba lantarki, kuma murya ta fito. Wannan dabara ta burge ni matuƙa.

Rediyo ya ɗora daga nan. Tashar ELWA ta fara aiki a Laberiya a 1954. Muryar Bishara kuma tana haɗa shirye-shiryen Hausa a Jos, ana watso su daga Addis Ababa, daga 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Da kaset ya zo da araha, ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka samu hanyar yaɗa waƙoƙinsu na tulu da kacau-kacau, sannan irin su Panam Percy Paul suka mayar da waƙar bishara sana'a sosai.

Abin da ke damuna shi ne inda faya-fayan nan suke yau. Zafinmu yana lanƙwasa faifai, ƙura tana cinye layinsa, ga shi rashin tsaro ya sa iyalai da yawa sun bar gidajensu da abin da ke ciki. Faifan da ya lalace, na Shata ne ko na mawaƙan coci, ya tafi da muryar da ba za a sake ɗauka ba.

Saboda haka, mai sauraro, idan akwai faifai a adakar kakanka, kada ka bari yara su yi wasa da shi. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi, ka jingine shi a tsaye cikin inuwa, ka nemi wanda zai juye maka shi a kwamfuta.