Muddar da Ɗaura Ƙarfen Daidaita Haƙora Take Ci

Duk wanda likita ya shawarce shi da ya sa ƙarfen nan mai waya da ake ɗaura wa haƙora domin su daidaita, ko kuwa uban da aka ce masa haƙoran ɗansa sun cunkushe har wani ya hau kan wani, abin da yakan fara tambaya shi ne tsawon lokacin da aikin zai ci. In ana nufin ranar ɗaurawa ce kurum, amsar gajera ce, domin galibi zama ɗaya ne a kujerar likita, wanda yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu, kuma mutum ya tashi ya koma gida ko makaranta da ƙafarsa. Sai dai wanda ya tsaya a kan wannan amsa bai fahimci mas'alar ba, saboda likita yana da iko a kan sa'o'in nan biyu, amma watannin da ke biye da su ƙashin muƙamuƙi ne yake hukunta su.

Kafin ranar ma akwai sharuɗɗan da sai an cika. Likita zai duba bakin, ya ɗauki hoton ƙashi domin ya ga saiwoyin haƙora da waɗanda ba su riga sun ɓullo ba, sannan ya ɗauki siffar haƙoran, ko dai da wani abu mai laushi da ake dannawa a kansu har ya daskare, ko da na'urar da ke zana su a kwamfuta. Idan akwai haƙori mai rami sai an cike shi, idan dasashi yana zubar da jini sai ya warke, kuma inda cunkoso ya yi yawa wani lokaci akan cire haƙori domin sauran su sami wurin matsawa. Wanda za a sa wa zoben ƙarfe a turamensa akan cusa masa 'yan robobi tsakaninsu kamar mako guda kafin ranar, don su buɗa 'yar kafa. A wannan mataki ne kuma ya kamata mai wushirya ya faɗi ra'ayinsa a sarari, domin abin da Bahaushe yake ƙirgawa cikin alamomin kyau, littattafan wannan fanni giɓi suke ɗaukarsa, wanda ake rufewa in ba a ce a bari ba.

Ranar ɗaurawa ba a bukatar allurar kashe zafi, domin ba a yanka komai, ba a kuma huda komai. Za a sa wa mutum wata roba da ke janye leɓɓa da kumatu, a goge haƙoran tas, a shafa wa fuskar kowanne wani sinadari mai tsami na tsawon daƙiƙa 15 zuwa 30, wanda ke sa santsin haƙori ya yi ɗan kaushin da ido ba ya gani, sannan a wanke a busar har wurin ya yi fari kamar an shafa alli. Daga nan sai a ɗauko wasu 'yan maɓallan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, a ɗiga musu gam, a aza kowanne a tsakiyar haƙorinsa, a kankare gam ɗin da ya fito ta gefe, a haska masa shuɗiyar fitila har ya sandare. Mafi yawan lokacin a nan yake tafiya, kuma a ganina nan ne gwanintar likita take, domin maɓallin da ya kauce ko da kaɗan zai ja haƙori zuwa inda ba a nufa ba, kuma ɗigon yawu guda a kan busasshen haƙori ya isa ya sa a sake aikin. Da an gama sai a zura siririyar waya ta cikin maɓallan, a ɗaure ta da 'yan robobi masu launi, a datse bakinta don kada ya soki kunci.

Wannan sauƙi bai daɗe da samuwa ba. Tun a Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba ya bayyana a littafinsa al-Tasrif yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da wayar zinariya, kuma a 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya rubuta yadda ake jawo karkatattun haƙora su shiga layi. Edward Angle na Amurka, wanda ake kira uban wannan fanni, shi ya rarraba nau'o'in rashin daidaiton cizo a 1899. Amma har tsakiyar ƙarni na 20 sai an naɗa wa kusan kowane haƙori zoben ƙarfe kafin waya ta sami abin kamawa, aikin da yakan ci zama da dama. Abin da ya gajarta shi shi ne binciken Michael Buonocore na 1955 game da shafa tsami a fuskar haƙori domin gam ya kama, wanda George Newman ya yi amfani da shi wajen manna maɓalli kai tsaye a 1965.

Abin da hikimar likitoci ba ta iya gajartawa sosai ba shi ne tafiyar haƙorin kansa. Saiwar haƙori tana zaune ne cikin ƙashi, da wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da ita, kuma idan waya ta matsa mata a hankali ba dare ba rana, sai jiki ya riƙa cinye ƙashin da ke gabanta yana gina sabo a bayanta, tamkar magina biyu, ɗaya na rushe katanga ɗaya na biye da shi yana jera tubali. Wannan aiki ba ya wuce kamar milimita 1 a wata, kuma in aka tsananta ƙarfi don neman sauri, saiwar ce take cutuwa. Saboda haka ne mutum yakan ji haƙoransa sun yi tsami na 'yan kwanaki bayan ɗaurawa, har ya koma shan kunu da koko, kuma yakan koma asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8 a canja waya ko a ƙara ɗaure ta, a ɗan zaman da bai cika wuce rabin sa'a ba.

Galibi jimlar muddar takan kai wata 18 zuwa shekara 2, mai wuya kuma ta doshi shekara 3. Babban mutum yakan fi yaro daɗewa, tun da yake ƙashinsa ya gama girma, kuma mai tauna ƙanƙara ko rake yana ɓalle maɓallai, da mai tsallake ranar komawa asibiti, su suke ƙara wa kansu watanni. Cire ƙarfen kuwa kamar sa'a guda yake ci, bayansa sai a ba mutum wani mariƙin roba ko waya da zai riƙa sawa, da fari dare da rana, daga baya da dare kaɗai, domin haƙoran da aka matsar suna neman komawa mazauninsu na da, kuma likitoci da yawa a yau suna shawartar a ci gaba da sa shi da dare har tsawon shekaru.