Allurar Ɗuwawu: A Kula da Babbar Jijiyar Ƙafa

Jama'a, a garuruwanmu mutane da yawa suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Ranar kasuwar Illela, mutanen ƙauyuka da baƙi daga Birnin Ƙonni sukan shiga kemis su ce a yi musu allura. Amma allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana iya gurgunta mutum. Ga yadda abin yake.

Akwai wata babbar jijiya a jikin kowa. Likitoci suna kiranta sayatik. Ba ta ɗaukar jini. Aikinta shi ne kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafa. Da ita muke motsa ƙafa, da ita muke jin zafi ko ƙaya. Ta fito daga ƙasan ƙashin baya, ta bi ta cikin ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya. Kusa da guiwa sai ta rabu gida biyu. Ita ce jijiya mafi tsawo da kauri a jiki. A jikin babba kaurinta ya kai na babban yatsa.

Hanyar jijiyar nan ba iri ɗaya ba ce ga kowa. A shekarar 1937 wasu masanan Amurka biyu, Beaton da Anson, sun bayyana haka. Ga kusan mutum 85 cikin 100, jijiyar tana bi ta ƙarƙashin wata 'yar tsoka a cikin ɗuwawu. Ga sauran kuwa, takan rabu tun daga sama, reshe ɗaya ya huda tsokar ko ya bi ta samanta. Ba a gane wannan da ido. Shi ya sa ma'aikacin lafiya yake raba ɗuwawu gida huɗu, ya soka allura a kashin sama na gefen waje, nesa da jijiyar. Jarirai kuwa a gefen cinya ake yi musu. Yaro ramamme ya fi shiga haɗari, domin tsokarsa kaɗan ce.

Idan allura ta taɓa jijiyar, nan take zafi yakan sauka har tafin ƙafa. Daga baya ƙafar ta yi sanyi, yatsu su ƙi ɗaguwa, yaro ya riƙa jan ƙafa. Sau da yawa sai a ce shan inna ne. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. Duk da haka, duk yaron da ƙafarsa ta mutu farat ɗaya, a kai shi asibiti a bincika.

Me za mu yi? Kada mu tilasta wa ma'aikacin lafiya ya yi allura idan ya ce ƙwaya ta isa. Kada mu yarda wanda bai koyi aikin ba ya soka wa 'ya'yanmu allura. A riƙe yaro da kyau kada ya motsa. Idan matsala ta faru, a garzaya Babban Asibitin Illela. Daga nan ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake gashi da motsa ƙafa. Samun sauƙi yakan ɗauki watanni, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun dama.

Wannan bayani bai hana allurar rigakafi ba. A ci gaba da kai yara wurin ma'aikatan da suka san aikinsu.