Abin da ke kare fara daga fumfuna

Manomin gero a Kiyawa ko Jahun ya san ɓarnar fara, musamman idan zangarniya ta fara ɗaukar ƙwaya. Sai dai ita ma farar tana da nata abokin gaba: wata fumfuna mai suna Metarhizium, wadda ke tsira a jikinta ta kashe ta.

Abin mamaki, ko da fara ta haɗiye irin wannan fumfuna tare da ganye, da wuya ta kama ta ta ciki. Tun shekarun 1980 masana biyu a Jami'ar Bath ta Ingila, Dillon da Charnley, suka bi diddigin dalili a jikin farar ɗango. Sun gano cewa bakteriyar da ke hanjinta, irin su Pantoea agglomerans, na sarrafa sinadaran ganyen da ta ci su koma guba ga fumfunar. Farar da aka raina babu bakteriyar kuwa ba ta da wannan kariya.

To, ta fata fumfunar ke samun ƙofa. Shirin LUBILOSA, wanda aka soma a 1989, ta nan ya bi: ya haɗa irin fumfunar da mai, ya samar da maganin feshi Green Muscle daga nau'in da aka samo a Nijar. Maganin yana kashe fara, ya bar tsuntsaye da dabbobi lafiya. Matsalarsa jinkiri, domin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, manomin da ake cinye wa gero kuwa ba ya da wannan haƙurin.