Annobar Kaji: Asarar Da Hunturu Ke Kawo Wa Masu Kiwon Gida A Muchalla

MUBI, Jihar Adamawa — A gundumar Muchalla da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru, da wuya a shiga gidan da babu kaji. Mazauna yankin, waɗanda akasarinsu Fali ne manoman dawa da masara da gyaɗa da wake, sun ɗauki kaza tamkar asusun ajiya: ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ko lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, ko kuwa taki ya ƙare ana tsakiyar damina. Galibi kuma mata da yara ne masu wannan dukiya.

Wannan ƙaramin jari ba abin rainawa ba ne idan aka haɗa shi wuri guda. Ƙiyasin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa Nijeriya na da kaji kimanin miliyan 180, kuma kimanin miliyan 80 daga cikinsu na sake ne, watau irin waɗanda ke yini suna tonon bola a ƙauyuka. Bugu da ƙari, tsadar masara da waken suya a shekarun 2023 da 2024 ta sa gidajen gona da dama sun rage kiwo ko sun rufe, amma kazar Hausa ba ta san buhun abinci ba, dusa da tsaba da gara sun ishe ta. Babbar matsalarta guda ce, ita ce cuta.

Cutar da ta fi yi wa kajin ƙauye ɓarna ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, masu kiwo kuwa kan kira ta annobar kaji kawai. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasul na Ingila, inda ta samo sunanta, aka kuma tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a farkon shekarun 1950. A Arewa ta fi tsananta ne da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Kazar da ta kamu takan takure da fukafukai a sake kamar wadda ta yafa riga, ta daina ci, tana numfashi da kyar tana zawo kore, wata kuma wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi a wuri ɗaya. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, cutar na iya share akurki baki ɗaya cikin mako guda.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, lokacin da annobar ke tashi ya yi daidai da lokacin da kaji ke tsada. A yankin Mubi, inda Kirista da Musulmi ke zaune tare, ana cinikin kaji sosai gab da Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma wannan zirga-zirga ita ce ke yaɗa cutar. Ƙwayar takan yi kwana 5 zuwa 6 a jikin kaza kafin alamunta su fito, saboda haka zakaran da aka sayo yau da ƙoshin lafiya yana iya zama sanadin mutuwar kajin unguwa. Haka kuma, da zarar mace-mace sun fara, masu kiwo kan yi rige-rigen kwashe sauran zuwa kasuwa. Farashi ya faɗi, mai kaji ya karɓi abin da aka ba shi, cutar kuma ta bi kwandon dillali zuwa wani ƙauyen.

Idan ta kama babu magani. Ana yawan jiƙa wa kaji saƙesaƙin maɗaci ko barkono, wasu kuma su fasa kafso, wanda aka fi sani da ja da yalo, su zuba a ruwan sha. Kafso dai an yi shi ne domin ƙwayoyin bakteriya, ita kuwa Niyukasul bairos ne, don haka kuɗin da ake kashewa a kemis asara ce a kan asara. Illar ba ta tsaya nan ba, domin maganin kan saura a cikin nama da ƙwai na wasu kwanaki, kuma yawan amfani da shi barkatai na daga cikin dalilan da ke sa ya daina aiki a jikin mutane.

Rigakafi kuwa akwai shi, kuma a cikin gida ake yin sa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta kafu a can tun 1924, tana sarrafa nau'o'in rigakafin wannan cuta. Wanda ya fi dacewa da ƙauye shi ne mai suna I-2, wanda masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka samar musamman domin ƙasashe masu zafi. Ya bambanta da sauran ta wajen jure rashin firji na wani ɗan lokaci, muddin ba a bar shi a rana ba. Masu kai shi ƙauye kan naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma su sa a kwando mai shan iska. Ba ya buƙatar allura. Ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya ne, a maimaita bayan kowane wata 4, watau sau 3 a shekara.

Sharuɗɗansa kaɗan ne, amma saɓa musu ne ke ɓata masa suna. Garkuwar jiki ba ta kankama sai bayan mako 1 zuwa 2, saboda haka zagayen da ya fi muhimmanci shi ne na watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta sauko. Wanda ya jira sai kaji sun fara mutuwa kafin ya nemi rigakafi ya makara, kuma idan suka mutu sai a ɗora wa maganin laifi. Ba a yi wa kaza marar lafiya. Idan an narkar da shi da ruwa, ya fi kyau a ƙarar da shi a ranar.

A nan ne harkar ta zama ta kasuwanci. Kwalba guda tana ɗauke da ɗigon kaji da yawa, alhali gida ɗaya bai cika wuce kaji goma ko ashirin ba, don haka babu ribar kowace mace ta sayi tata. Tsarin da aka jarraba a jihohin Arewa, ciki har da ƙarƙashin shirin Propcom Mai-karfi da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, shi ne a horar da wani ɗan ƙauyen ya sayo kwalba daga dillalin magungunan dabbobi, ya bi gida-gida da sassafe kafin a saki kaji, yana karɓar ɗan kuɗi a kan kowace kaza. Dillalin da ke Mubi mai firji mai aiki da hasken rana, wanda zai iya riƙe amanar sanyi daga Vom zuwa shagonsa, yana da kasuwa sau 3 a shekara a kowane ƙauye. Inda tsarin ya fi samun cikas shi ne kama kajin: wadda ta saba kwana a kan bishiya ba ta kamuwa cikin sauƙi, shi ya sa akurki ya zama sharaɗi.

Sauran matakan ba su buƙatar kuɗi sai kula. Kazar da aka sayo ko aka samu kyauta a keɓe ta har mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefar a bola inda karnuka za su ja ta. A riƙa share akurki ana barbaɗa toka domin ƙuma da kwarkwata, a kuma canza ruwan sha kullum. Da damina, lokacin da sauro ya yi yawa, akan ga ƙuraje a tsoron kaza da gefen idonta. Wannan cuta ce dabam, kuma ita ma Vom na yin rigakafinta.

'Yan tsaki su ne wurin da jarin ke yoyo ba a sani ba. Kazar Hausa kan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta yi kwanci kwana 21, amma da yawa daga cikin abin da ta ƙyanƙyashe kan ƙare a bakin shirwa da muzuru, ko sanyi da tsutsar ciki su kashe su. Kife su tare da uwar a ƙarƙashin babban kwando na makonnin farko, ana ba su ɓarzajjen hatsi da gara da ruwa mai tsabta, ya isa ya sauya lissafin shekara.

Akwai kuma abin da bai kamata mai kiwo ya yanke hukunci a kansa shi kaɗai ba. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Afirka a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta kuma sake ɓulla a 2015 da 2021, tana kama da Niyukasul ƙwarai, har sai an yi gwaji ake bambance su, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji da zabi da talo-talo suka riƙa mutuwa farat ɗaya, wajibi ne a sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, a kuma daina yanka marasa lafiya domin ci.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, aka kuma naɗa Alhaji Idi Mukhtar Maiha, ɗan Jihar Adamawa, ministanta na farko a cikin wannan shekarar. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya ta karkata ne ga shanu da burtali da madara, abin da ba mamaki a jihar da ke da kasuwar shanu irin ta Mubi. Kajin Muchalla dai buƙatarsu ba ta wuce kwalbar rigakafi mai kyau ta iso a watan Oktoba ba, da kuma wanda zai koma ya maimaita a Fabrairu da Yuni.