Ken Salazar: Ɗan Manoma Mai Kare Ruwan Ƙauye

A kudancin jahar Kolorado, cikin ƙasar Amurka, akwai wani babban kwari tsakanin duwatsu wanda ake kira San Luwis. Ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimeta 200 ba. Duk da haka ana noman dankalin turawa da sha'ir da ciyawar dabbobi a cikinsa, domin ƙanƙarar duwatsu tana narkewa ta gangaro kogin Riyo Garande, kuma akwai ruwa ƙarƙashin ƙasa. Nan ne aka haifi Ken Salazar a shekarar 1955.

Danginsa masu jin Sifaniyanci ne, amma ba baƙi ba ne. Kakanninsa sun zauna a wannan sashe tun yana hannun ƙasar Meziko, kafin ya koma hannun Amurka a 1848. Su takwas ne wurin iyayensu. Gonarsu ba ta samu wutar lantarki da talho ba sai farkon shekarun 1980, watau da fitilar kananzir yaran suka yi karatu, kuma dukansu suka ƙare jami'a. Shi Ken shari'a ya karanta, ya ƙare a 1981, ya ƙware kan dokokin ruwa.

Ba banza ya zaɓi wannan fanni ba. A Kolorado, wanda ya fara jan ruwa daga kogi ya yi amfani da shi, shi ke da haƙƙin fari, ko da shekarar ta zo da ƙarancin ruwa. Haƙƙin da ya fi kowane daɗewa a jahar na wata magudana ce ta mutanen garin San Luwis, tun 1852. Irin waɗannan magudanai na jama'a ne: manoma kan zaɓi mai rabon ruwa, su yashe su tare kowace shekara. Sai dai haƙƙin ruwa abin saye da sayarwa ne, kuma birane sun fi manoma kuɗi. Ranar da aka sayar da ruwan gona, gonar ta mutu ke nan.

A 1986 wani kamfani ya nemi izinin haƙa rijiyoyi cikin kwarin, ya riƙa tura ruwa kusan mita kubik miliyan 250 kowace shekara zuwa birane. Manoma da makiyaya suka tashi tsaye, gwamnatin jaha ta goya musu baya, kotu ta ƙi ba da izinin a 1991. A lokacin Salazar ne shugaban ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jahar, muƙamin da ya riƙe daga 1990 zuwa 1994. Ya kuma sa hannu wajen tsara dokar da jama'a suka amince da ita a 1992, wadda ta ware kuɗin tambolar gwamnati domin kiyaye daji da koguna da filayen kiwo.

Daga 1999 ya zama babban lauyan jaha. A 2004 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan ƙasa a ƙarƙashin jam'iyyar Dimokarat, shi kuwa wansa John, manomin dankali, ya shiga majalisar wakilai. Ken ya zauna kwamitin noma da ya shirya dokar noma ta 2008. Ra'ayinsa shi ne, masu mulki sun manta da ƙauye: samari suna tafiya birni, likita yana nesa, kantuna suna rufewa. A ganinsa, rana da iska da amfanin gona suna iya zama makamashi, su kawo wa manomi wata hanyar samun kuɗi ba tare da ya bar gonarsa ba.

A 2009 Shugaba Barack Obama ya naɗa shi ministan cikin gida. Wannan ma'aikata a Amurka ba ta tsaro ba ce. Ita ke kula da filayen gwamnati, kusan ekta miliyan 200, abin da ya zarce faɗin Nijar baki ɗaya. Nan ya gane raba gardama ya fi tsayawa gefe ɗaya wuya. A 2009 ya cire kyarkeci daga jerin namun dajin da aka hana kashewa a jahohin Montana da Idaho. Makiyaya suka yi murna, masu kare namun daji suka kai ƙara. A 2010 rijiyar man fetur ta fashe cikin tekun Meziko, mutum 11 suka mutu. Ya dakatar da haƙa cikin zurfin teku, kamfanonin mai da ma'aikatansu suka yi ta kuka da shi. A wannan shekara kuma ya ba da izinin gina manyan tashoshin wutar rana na farko a filayen gwamnati.

Ya bar ma'aikatar a 2013, daga baya ya yi jakadan Amurka a Meziko daga 2021 zuwa farkon 2025.

Maganar ruwan kwarinsu kuwa ba ta mutu da hukuncin 1991 ba. Wani kamfani ya sake kawo irin wannan shiri, manoma suka sake haɗa kai, kuma a 2022 hukumar da aka nemi ta zuba kuɗin farko ta ƙi. Manoman San Luwis sun san cewa ƙishirwar birni ba ta ƙarewa. Shi ya sa suke tura ɗiyansu makaranta su karanta doka, don ranar da za a zauna rabon ruwa a samu nasu a wurin.