Me Ya Sa Kukan Jiniya Yake Hawa Da Sauka?

Jama'ar Kankiya da Kusada sun san kukan jiniya. Ana jin sa a titin Kano zuwa Katsina, idan motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana za ta wuce. Kukan yakan hau, ya sauka, ya sake hawa. Da gangan aka tsara shi haka.

Yadda take yin kuka

A shekarar 1819 wani masani Bafaranshe ya ƙera jiniya mai faifai. Faifan ƙarfe ne mai huji-huji, yana juyawa, ana hura masa iska. Hujin yana buɗe wa iska hanya, yana toshewa, sau ɗaruruwa kafin ƙiftawar ido. Wannan shi ke ba da ƙara. In faifan ya ƙara gudu, muryar sai ta yi siriri ta hau sama. In ya rage gudu, sai ta yi kauri ta sauko. Jiniyar motocin yanzu da lantarki da lasifika take aiki, amma wancan kukan take kwaikwayo.

Murya mai kauri da siririya

Murya mai kauri tana cin nisa. Tana ratsa bango, tana kewaye itatuwa da gidaje. Shi ya sa ake jin tambarin sarki daga nesa. Siririyar murya kuwa, irin ta usur, tana saurin shiga kunne, amma ba ta nisa sosai. Jiniya mai hawa da sauka ta haɗa amfanin duka biyun. Na nesa ya ji, na kusa ya zabura. Tsofaffi ma suna amfana, domin in shekaru suka ja, siririyar murya ce kunne yake fara rasawa.

Akwai wani dalilin kuma. Kunne yana sabawa da ƙarar da ba ta canzawa. Mai maƙwabtaka da injin niƙa yakan manta injin yana aiki. Amma ƙarar da ke canzawa ba ta bari a saba da ita.

Kowane kuka da ma'anarsa

A wasu ƙasashe ana ɗora babbar jiniya a kan dogon ƙarfe don gargaɗin gari gaba ɗaya. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, mutanen Ingila sun san kuka iri biyu. Mai hawa da sauka yana nufin jiragen yaƙi sun taho, kowa ya ɓuya. Miƙaƙƙe yana nufin haɗari ya wuce. A garuruwa da yawa na Amurka kuwa, miƙaƙƙen kukan ne ke gargaɗin muguwar guguwa. Ashe ke nan kuka ba ya da amfani sai jama'a sun san abin da yake nufi.

Darasi gare mu

A watan Yuli na 2018 ambaliya ta auka wa Jibiya cikin dare. Mutane fiye da 40 suka rasu. Ruwa da gobara da ɓarayi ba sa sallama, kuma sau da yawa sai an yi barci suke zuwa.

Ƙauyen da ba shi da jiniya yana da abin da zai tsaya a madadinta. Kakanninmu da kuge da ganga suke tara mutane. Yau ga lasifikar masallaci, ga usur, ga tsohon ƙarfen da ake bugawa a makaranta.

Ya kamata mai unguwa da liman da dattawa su zauna su tsayar da abu huɗu:

1. Bugu ɗaya na haɗari, wanda bai yi kama da kiɗan biki ba.
2. Wani bugun dabam na cewa haɗari ya wuce.
3. Wurin da kowa zai nufa in ya ji.
4. Ranar gwaji, wadda za a sanar tun da wuri, don mata da yara su gane bugun.

A hana yin wasa da shi. In an saba jin sa a banza, ranar gaskiya ba wanda zai tashi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu, amin.